Amsa: brigadeiro ya ƙi mulmuluwa

'Yar'uwa, kin ce brigadeiron da kika yi, alewar nan ta Brazil, sai manne miki yake a hannu. Bai gama dahuwa ba kika sauke. Gwangwani ɗaya na madara mai kauri mai sukari, giram 395, cokali ɗaya na bota, uku na hodar koko ta cakulan. Ki rage wuta, ki yi ta juyawa minti 10 zuwa 15, har sai kin ja cokalin katako kin ga gindin tukunya bai rufe nan take ba. Ya huce sarai, ki shafa bota a tafi, sannan ki mulmula.

Amma fa ki duba gwangwanin. In madarar shayi ce marar sukari, ba za ta kama ba, don sukarin ne ke kawo danƙon.