Sati Bakwai da Haihuwa, Na Koma Tsallen Igiya: Na Yi Gaggawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Yau satina bakwai da haihuwa ta biyu. Da kaina na haihu, amma an yi min ƙari an ɗinke. Har yanzu cikina kamar na mai cikin wata biyar. Shekaranjiya na ɗauko igiyar tsallena, ban yi ashirin ba na ji fitsari ya kufce min, da yamma kuma jinin da ya ɗauke ya ɗan dawo. Na yi gaggawa ne? Wane motsa jiki ne zai mayar min da cikina?

AMSA: Wa alaikumus salam. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya.

Kin yi gaggawa, 'yar'uwa. Ki rataye igiyar nan tukuna. Hankalinki yana kan tumbin da kike gani a madubi, ni kuwa nawa yana kan fitsarin da ya kufce, domin shi ya nuna inda gyara zai fara.

A ƙasan mara akwai wasu tsokoki da suka shimfiɗu kamar raga, daga ƙashin gaba zuwa ƙashin wutsiya. Su ne ke tallafe mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, su ne kuma ke rufe ƙofar fitsari idan kin yi tari ko atishawa. Wata tara suna ɗauke da nauyin jariri, ranar naƙuda suka buɗe iya buɗewa, ga ƙari a kai. Duk tsalle ɗaya kayan ciki ne ke dirowa a kansu. A 2019 wasu likitocin fisiyo (masu gyaran jiki ta hanyar atisaye) a Birtaniya suka fitar da ƙa'idar komawa gudu bayan haihuwa, suka ba da shawarar a dakata da gudu da makamantansa sai an cika wata uku, shi ma sai in babu zubar fitsari, babu ciwo, babu jin nauyi a gaba.

Jinin da ya dawo yana iya zama ragowar na haihuwa da jijjiga ta taso, yana kuma iya zama al'ada ce ta dawo, musamman idan ba nono zalla kike ba jariri ba. Idan ɗan kaɗan ne kuma ya tsaya da kika huta, babu abin tashin hankali. Idan yana jiƙa auduga cikin awa ɗaya, ko da gudaji manya, ko wari, ko zazzaɓi, wannan na asibiti ne a ranar.

To, da me za ki fara? Da matse waɗancan tsokoki. Wani likitan mata Ba'amurke, Arnold Kegel, ya bayyana wannan atisaye a 1948, shi ya sa ake kiran sa da sunansa. Ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwa. Ki matse kamar kina riƙe tusa a cikin mutane, ki haɗa da matse gaba kamar kina tare fitsari, sannan ki ja su sama zuwa ciki. Ki ƙirga uku zuwa biyar kina numfashi yadda kika saba, ki saki gaba ɗaya. Sakin nan mata da yawa ke yi wa riƙon sakainar kashi, alhali tsokar da ba ta saki ba ba ta iya sake kamawa da ƙarfi. Sau takwas zuwa goma a zama ɗaya, zama uku a rana, a hankali ki kai ƙirga goma. Idan kin ji mazaunanki ko cinyoyinki ne suka ƙame, ko kin riƙe numfashi, ba ki kama wurin ba. Kada ki mayar da tsayar da fitsari a bayi ya zama atisayenki, yana hana mafitsara juye abin da ke cikinta duka. Dabara guda da ke aiki tun ranar farko: kafin ki yi atishawa ko ki ɗaga yaro, ki riga matsewa. Sakamako na sosai kuwa sai an yi kamar wata uku ana yi kullum, don haka ki ɗaura shi a kan abin da ba kya mantawa, misali duk lokacin da kika zauna shayarwa.

Mu dawo kan tumbin. Mahaifa ba ita ba ce, don ranar haihuwa nauyinta kusan kilo ɗaya ne, zuwa sati shida ta koma ƙasa da giram 100, ta shige cikin mara. Abin da ya rage fata ce da ta miƙe, da kitsen da jiki ya tara, da tsokokin ciki da suka saki. Biyu daga cikinsu dogaye ne, sun sauko daga ƙirji zuwa mara, dama da hagun cibiya, kuma goyon ciki yana raba su. Ki gwada da kanki: kina rigingine, ki ɗora yatsu a kwance saman cibiya, ki ɗan ɗago kai kamar za ki leƙa ƙafarki. Za ki ji gefuna biyu sun matso yatsunki. Idan yatsu sama da biyu suka nutse a tsakani, ko tsakiyar cikin ya tullo kamar kunya a gona, ratar ba ta haɗe ba. A wannan hali ki bar atisayen nan na tasowa zaune daga kwance, da ɗaga ƙafafu biyu lokaci ɗaya. Maimakonsu ki shaƙi iska cikinki ya cika, ki fitar a hankali kina janyo ƙasan cibiya zuwa gadon baya, tare da matsin da na faɗa. In za ki tashi daga gado, ki mirgina gefe ki dafa hannu.

Ɗamarar ciki tana sa a ji daɗin tsayuwa, amma ba ta gina tsoka, kuma idan an tamke ta da yawa ƙasa take tura nauyin, kan wurin da muke lallaɓawa. Kitse kuma ba ya narkewa daga wurin da aka zaɓa masa.

Abin da zai rage shi tafiya ce. Ki fara da minti goma, ki riƙa ƙarawa har ki kai abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu jego, wato minti 150 a sati, kamar rabin awa sau biyar, da saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Wannan ba ya rage ruwan nono. Ki shayar kafin ki fita, ki sa rigar mama mai kama jiki, ki sha ruwa, kuma ban yarda da horon yunwa ga mai shayarwa ba. Daren da yaro ya hana ki barci, washegari barcin ya fi miki tafiyar.

Ga masu karatu da aka yi wa tiyata aka ciro jariri: fata tana haɗewa da wuri, abin da ke ƙarƙashinta yana daɗewa. Tafiya a hankali tun kwanakin farko tana da kyau, tana rage haɗarin daskarewar jini a ƙafa, amma sati shida kada a ɗaga abin da ya fi jariri nauyi.

Idan ba ki je awon sati shida ba, ki je, a duba ɗinkin, ki kuma faɗi maganar fitsarin da bakinki, don ba kowace ma'aikaciya ke tambaya ba. Idan kin yi wata uku kina matsi bai ragu ba, ko kina jin wani abu na saukowa ta gaba, ki nemi a tura ki wurin likitan fisiyo mai kula da mata. Fitsarin da ke zuba dare da rana ba tari ba tsalle wata lalura ce daban, ba ta jiran atisaye. Haka nan kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, duk na gaggawa ne.

Kafin ki sake taɓa igiyar bayan wata ukun, ki gwada tafiyar rabin awa da sauri, ki tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa goma, ki yi sassarfa a wuri ɗaya minti guda. Idan babu ɗigo, babu nauyi, babu ciwo, ki fara da tsalle goma ki ga yadda za ki kwana.