Shin ɓarawo haihuwarsa ake yi?

Malam, ka tambaya ko masana sun yarda cewa ana haihuwar mutum da halin laifi. An taɓa yarda. A 1876 wani likitan Italiya, Cesare Lombroso, ya yi ta auna ƙoƙon kai da muƙamuƙin fursunoni, wai daga siffa ake gane mugu. Charles Goring na Ingila ya sake awon, a 1913 ya nuna babu wata siffa ta masu laifi.

Wasu kuwa na ganin laifi zaɓi ne: tun 1764 wani masanin Italiya, Cesare Beccaria, ya ce mutum yana auna riba da hasara kafin ya aikata, don haka tabbacin kamu ya fi tsananin hukunci hana laifi.

Ni dai na fi gamsuwa da masu duba zamantakewa. Edwin Sutherland ya ce koyon laifi ake yi wurin abokai, wato zama da maɗaukin kanwa. Robert Merton kuwa, a 1938, ya dubi Amurka: an kwaɗaita wa kowa arziki, amma an toshe wa wasu hanyar halal, sai su haura katanga. Akwai kuma Howard Becker: yaro ya ɗauki wayar maƙwabci sau ɗaya, unguwa ta laƙaba masa "ɓarawo", kowane mai shago ya ƙi ɗaukarsa aiki, sai ya koma wurin waɗanda ke karɓarsa da sunan.