Me ya sa ake fara karatun firist da falsafa kafin tauhidi?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin wannan tsari da yawan shekarunsa. Dokar Cocin Katolika, sashe na 250, ta gindaya aƙalla shekara shida: biyu na falsafa, huɗu na tauhidi. Tsarin da Vatikan ta fitar a 2016 ya ƙara wajabta zangon share fage na aƙalla shekara ɗaya.

Falsafa ce tushen ginin. Wanda bai ƙware a mandiƙi (ilimin kafa hujja) da ma'anar zati da siffa ba, zai sha wuya idan aka zo bayanin Allah Uku Cikin Ɗaya ko rubuce-rubucen Toma Akwinas, babban malamin tauhidin Katolika. Hadda kawai zai yi, ba fahimta.

Ba a naɗa ɗalibi dikin (matakin da ke ƙasa da firist) sai ya kammala shekara ta biyar ta karatun falsafa da tauhidi, firist kuwa sai ya cika shekara 25 da haihuwa.