Kada ki cire shafin godiya

Ƙanwata, kin ce kin gama rubuta littafinki na farko, kina tambaya ko akwai mai kula da shafin godiya, ko dai ki cire shi ki rage kuɗin bugu. Ni dai shawarata ki bar shi.

Na yi shekaru ina buga wa ɗaliban jami'a furojet a wani ɗan shago nan Sakkwato, godiya babu irin wadda ban gani ba. Gaskiya baƙon mai karatu tsallake ta yake yi, ya faɗa babi na ɗaya. Amma wanda ya san marubucin, nan yake fara buɗewa, yana bin layi da yatsa yana neman sunansa.

Akwai wani yaro da muka gama wa aiki, an ɗinke kwafi huɗu, an sa bango mai rubutun ruwan zinare. Washegari da hantsi sai ga shi yana haɗa gumi. Ya gode wa malamai, ya gode wa abokan ɗaki, har mai shayin da ke ba shi bashi ya samu shiga, amma ya mance kawunsa da ya sayar da raguna biyu ya biya masa kuɗin rajista. Kawun bai yi boko ba, ɗansa ya sa ya karanta masa shafin, har sau biyu, sannan ya miƙa littafin ya ce Allah ya sa albarka. Wannan albarkar ce ta hana yaron barci. Dole muka farke bangon muka sake bugawa.

Abin ma gadonmu ne. Sama da shekara 200 da suka wuce Malam Abdullahin Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukhi takanas don ambaton malaman da ya ɗauki karatu wurinsu, cikinsu har da yayansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu ɗan Umar. Har gobe masu bincike na komawa gare shi don sanin wa ya karantar da wa, da littattafan da ake karantawa a lokacin.

Abin da ke sa a ƙosa shi ne irin na littattafan hikaya da yayyenmu mata ke karɓowa haya a shekarun 1990: godiya, sadaukarwa, tukuici, fatan alheri, sunaye kamar jerin masu gudummawar biki. Ɗalibai kuma kwafar ta juna suke yi. Na taɓa tsintar sunan mahaifiyar wani a godiyar wani. Ke faɗi abin da mutum ya yi miki. Wadda ta riƙe miki yara kina rubutu, ki ce ta riƙe miki yara.

Kuma kafin ki kai maɗaba'a, ki karanta wa Inna shafin, ita za ta tuna miki wanda kika mance.