Amsa ga ɗan'uwan da ya gaji garmahon mahaifinsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Na karanta bayaninka: ka ciro garmahonsa Pioneer PL-12D daga ɗakin ajiya tare da kwalin faya-fayai, ka jona wuta, kana jin injin yana aiki amma faranti ba ya juyawa, da ka tura shi da hannu kuma sai ƙugi ya cika lasifika. Kana tambaya ko zai gyaru ko ka haƙura.

Zai gyaru in sha Allahu. Amma don Allah, kafin komai, kada ka sake ɗora wannan tsohuwar allurar a kan faifai ko ɗaya. A nan na yi ɓarnar da har yau take ci min rai. Lokacin da na fara taɓa garmahon kawuna, allura tana tsalle, sai wani mai gyaran rediyo ya ce in ɗaura kwabo a kan hannun da ke riƙe da allurar don ya yi nauyi. Tsallen ya daina, na yi murna. Cikin 'yan makonni faifan da kawu ya fi so ya koma shuuu kamar ana suya, domin allurar da ta cinye ta zama kamar kurfi, tana kankare ramin waƙar duk zagaye. Garmaho ana samun wani a kasuwa. Faifan tsohon makaɗi da aka buga shekara 50 da suka wuce kuwa, in ya kankare, wataƙila ba za ka ƙara ganin irinsa ba.

Rashin juyawa shi ne mafi sauƙi. Wannan samfurin na farkon shekarun 1970 ne, da bel yake aiki, wato zoben robar da ke haɗa injin da farantin. Ɗaga tabarmar robar, ka ciro farantin sama a hankali. Ko dai ka tarar bel ya saki, ko ya narke ya zama baƙin danƙo kamar kwalta. Goge shi tas da auduga da sifirit, daga cikin farantin har ɗan fulin da ke bakin injin, domin ɗan ragowar danƙo kaɗan yana isa ya sa murya ta riƙa rawa. Ka nemi bel na wannan samfurin takamaimai. Robar ɗaure kuɗi ko yankan tsohon tif na keke ba za su yi ba: in ya yi tsauri yana jan injin, in ya yi kauri yana canza gudu.

Sandar tsakiya da farantin ke zama a kai tana cikin wani ɗan rami mai mai. Bayan shekaru man ya bushe ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama laka. Wanke ramin, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu ko uku. Ban da giris ɗin mota, ban da man feshi na kwance noti. In ka cire bel ka juya faranti da yatsa, ya kamata ya daɗe yana yawo shiru kafin ya tsaya. Duba kuma robobin da injin ke rataye a kai, suna bushewa su zauna, sai karkarwar injin ta bi katako ta shiga sauti.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi. Leƙa bayan garmahon ka karanta bayanan da aka manna a jikinsa. Injin irin wannan da bugun wutar lantarki yake lissafa gudunsa. Ƙarfin wutarmu 230 ne, mai bugu 50 a daƙiƙa, irin ta Ingila, ta Amurka kuwa 120 ce mai bugu 60. In na Amurka ne, tiransifoma zai rage ƙarfin wutar amma ba zai canza bugun ba, sai faifan da ya kamata ya yi zagaye 33 da sulusi a minti ya riƙa yin kusan 28, mawaƙi ya koma kamar mai jin barci. Maganinsa fuli na bugu 50. Gwajin babu wuya: manna 'yar takarda a gefen faranti, ka ƙirga da agogo. Zagaye 100 cif a minti 3, shi ne daidai. Kuma kada ka yi gwajin da ƙaramin janareta, bugunsa hawa da sauka yake, zai sa ka zargi garmahon a banza.

Ƙugin da ka ji, sau da yawa siririyar wayar nan ce ta uku da ke fitowa tare da wayoyin sauti biyu, jar da farar, ba a ɗaure ta a jikin amfilifaya ba. Ɗaure ta a notin da aka rubuta GND, ka kankare tsatsar bakin wayoyin. Sannan sautin da allura ke fitarwa ƙanƙane ne ƙwarai, kuma tun wajen yanka faifai ana rage ƙasan sauti a ƙara samansa bisa ƙa'idar 1954 ta RIAA, ƙungiyar kamfanonin faya-fayai ta Amurka. Shi ya sa dole ka shiga ta ramin amfilifaya da aka rubuta PHONO, wanda ke ƙara ƙarfin sautin ya daidaita shi. In amfilifayarka ta zamani ce ba ta da shi, akwai ɗan akwatin da ake sayarwa don wannan aikin.

Mu koma ga allura, tunda ita ce zuciyar maganar. Duba sunan da ke jikin kan da take maƙale. In Shure ne, kamfanin ya daina yin su tun 2018, amma wasu kamfanoni suna yin allurar da ke shiga. Ni dai na fi son a sayi sabon kai gaba ɗaya, kamar Audio-Technica AT-VM95E, wanda nauyin da ake so ya danna faifai giram 2 ne. Ka murza nauyin bayan hannun har ya tsaya a iska daidai wa daida, ka mai da lambar sifili, sannan ka murza zuwa 2. Ƙaramin sikelin dijital zai tabbatar maka. Rage nauyi fiye da ƙima ma ɓarna ne, allura na karkarwa cikin rami tana dukan gefensa.

Ka ware faya-fayan ma. Masu kauri da nauyi da aka rubuta 78 ba na wannan garmahon ba ne, 33 da 45 kaɗai yake yi, kuma kada sifirit ya taɓa su, narkar da su yake. Sauran ka wanke da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, ka kiyaye takardar tsakiya, su bushe a inuwa. A tsaye ake jera su, nesa da zafin kwano da rana, in ba haka ba su lanƙwashe.

Turo mana hoton bayanan da ke bayansa da na kan allurar, daga nan sai in gaya maka abin da za ka fara saya.