Jirgin Rimot Mai Kai Ƙoto Bayan Igiyar Ruwa

Tambaya: Ina kamun kifi da fatsa daga gaɓar teku, amma jifana ba ya wuce inda igiyar ruwa ke fashewa, alhali manyan kifaye suna can bayanta. Ina so in ƙera ƙaramin jirgin ruwa mai rimot da zai kai mini ƙoto can ya saki. Wane inji zan saya?

Amsa: Malam, ka ajiye maganar inji tukuna, domin abin da ya kamata ka fara sa wa a ranka shi ne jirgin nan zai kife, ko ba daɗe ko ba jima. Jirgi mai gangar jiki biyu, irin wanda ake kai ƙoto da shi a tafki, yana zama daram a ruwa mai kwanciya, amma da zarar igiya ta juya shi, haka zai tsaya ciki sama, kana kallonsa daga gaɓa. Saboda haka ka yi gangar jiki guda, doguwa, mai zagayayyen sama kuma rufaffiya ruf, sannan ka ɗaure batir da 'yar darma a can ƙasan ciki, yadda nauyin zai miƙar da shi da kansa. Masuntan Niyu Zilan sun daɗe da gane wannan, shi ya sa na'urarsu ta kai ƙoto cikin teku, wadda suke kira kontiki, take ratsa igiya maimakon ta hau kanta. Kafin ka je teku, ka kifar da naka a cikin babban baho. Idan bai juyo ba, aiki bai ƙare ba.

Abin da masu ƙira suka fi mantawa shi ne zaren fatsar. A mita 20 ba ka jin nauyinsa, amma idan ya kai mita 200 kuma ruwa yana jansa ta gefe, sai ya riƙa karkatar da jirgin, har ya ba igiya haƙarƙarinsa. Ka ɗaura zaren a tsakiyar bayan jirgin, a kan ƙusar da ƙaramin injin da ake kira servo zai zare idan ka danna rimot, kuma ka yi wa farfela keji don kada ta naɗe zaren ko ciyawar teku. Da wannan jan ne za ka auna ƙarfin injin da kake tambaya a kai.

Rimot mai zangon 2.4 GHz ya wadatar, sai dai ruwa yana shanye siginarsa, don haka ka ɗaga eriya, ka kuma saita jirgin ya kashe inji idan sigina ta yanke. Ka cusa soso mai hana nutsewa a duk gurbin da ya rage, ka yi amfani da ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316, ka ɗauraye komai da ruwan daɗi bayan kowace fita.

Ranar gwaji, ka tsaya ka lura: manyan igiyoyi kan zo a jere, sai a ɗan samu lafawa. A wannan lafawar za ka saki jirgin, hancinsa yana fuskantar igiya kai tsaye, nesa da masu iyo.