Amaryata da maganar ɗaure Gizo

Amaryata, saƙonki ya same ni ina shan jabana, sai da na yi dariya har na ƙware. Wai da tsakar rana kike rubuta labaranki a can Jidda kina turawa guruf ɗin WhatsApp, shin sai kin ɗaure Gizo tukuna don kada ki ɓata? Sannan wai in koya miki abin da ake yi masu karatu su yi kuka, don naki ba sa yi. Ta farkon ta ba ni dariya, ta biyun kam ta ɗan dame ni, yarinya ƙarama kina bin hawayen mutane kamar mai bin bashi.

Mu dai da muna yara a Mai Wurno, garinmu na ƙasar Sudan, an ce mana wanda ya yi tatsuniya da rana ɓata zai yi, in ya zama dole sai ya tsige gashin ido ɗaya ya ce ya ɗaure Gizo. Ni ban taɓa ganin wanda ya ɓata ba, amma na ga wanda ya shagala da labari awaki suka shige gonar mutane, ina jin can zancen ya dosa. Kakata kuma cewa take rana ta ido ce, dare na kunne.

Bari in ba ki wani dare. Ina ɗan shekara 10, manya sun dawo daga tsinkar auduga a Jazira, an ci kisra an shimfiɗa tabarmi, tsohuwa tana kan gadonta na igiya. Kin san ita da ƙafarta ta zo ƙasar nan tana ƙarama, cikin jama'ar da suka biyo Sarkin Musulmi Attahiru bayan Nasara sun ci Sakkwato a 1903, aka kashe shi a Burmi a shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja saura gabas har bakin Nilu kusa da Sinnar. Wannan kowane yaro a garin ya haddace shi, an sha faɗa mana muna gyangyaɗi. To daren nan ba ta ambaci sarki ba, ba ta ambaci bindiga ba, wani ɗan ƙoƙo ta ɗauko mana, wanda innarta ke ba ƙaninta kunu da shi. Ta ce aka sauka gindin wata tsamiya, inna ta dama kunu a ƙoƙon nan ta ba shi. Aka yi tafiya aka sauka bakin wani rafi, inna ta dama a ƙoƙon ta ba shi. Haka har sau uku, har na ce a raina tsohuwa ta fara ruɗewa. Sai ta rage murya ta ce aka sauka wata rijiya, inna ta wanke ƙoƙon tas, ta kife shi kan dutse, muka tashi.

Shi ke nan ta yi shiru, ta ce a miƙo mata goronta, ta zauna tana goga shi a magogi ba ta kallon kowa. Wani ƙanina ya buɗe baki zai ce ina yaron, baba ya dafa masa kai. Can sai na ji shessheƙar mahaifiyata daga bayan zana, matar da ban taɓa jin kukanta ba. Ko sau ɗaya tsohuwar nan ba ta ce ya rasu ba wallahi, mu ta bari muka faɗa wa kanmu.

Na karanta wanda kika turo min, hannunki yana da kyau ba laifi, amma yarinyar cikin labarin sau 7 ta fashe da kuka kafin azahar, na ƙirga, ga 'yan fuskokin hawayen nan da kuke jerawa ƙarshen kowane layi. Kakata ta ce wanda ya riga ka kuka ya ƙwace maka naka. Ku 'yan yanzu ba kwa iya barin mutum da shiru ko na minti ɗaya, mu ma da laifinmu, mun sayo muku talabijin mun daina kiranku tabarma.

Maganar Gizo kuwa ki tambayi uwarki, ita ta fi kowa tsige gashin ido a gidan nan. Ki gaida babanki, ki ce masa turaren da ya aiko ya ƙare tun watan jiya.